Hatimin Gindin Kwano

Sun ce in rubuta tarihin kamfani,
shafi huɗu, kada ya wuce,
a raba wa baƙi ran bikin cika hamsin.
Ni Tanimu akawu, mai ƙirga kuɗinsu
tun ana ƙulle su a tsumma.

Takarda ta ce: an kafa shi a Katsina.
Ba ta ce a zaure ba ne, bayan Ƙofar Guga,
inda Sallau mai faci ke like tasa da dalma,
huda ɗaya kwabo biyu,
in ya ga mai tasar na lalube, ya ce je ki kawai.

Takarda ta ce: harka ta bunƙasa.
Ni na ga bunƙasar da idona.
Tsohon injin matse ƙarfe ne, gwanjon Kaduna,
motar da ta ɗauko shi ta kwana uku a Malumfashi.
Ran da ya fara aiki
ya cinye wa Ɗan'azumi yatsu biyu.
Ɗan'azumi ya naɗe hannu, Laraba ya dawo bakin inji.
Na duba shafi huɗun, ban sami gurbinsa ba.

Kwano ya fito, langa ta biyo,
sai faranti mai jan fure a leɓe.
Dillalan Jibiya na kwana a ƙofarmu,
a Maraɗi sai an kifa kwano an ga hatimi
kafin a yi ciniki.

Labaran ya dawo karatu da fensir a kunne,
ya ce, Baba, ƙarfen da ya yi cokali zai yi famfo.
Aka buɗe reshe a hanyar Dutsinma:
injin ban-ruwa, injin niƙa, tankuna, ƙafafun gada.
Shekara tara kwano na ciyar da famfo
kafin famfo ya tsaya da ƙafarsa.
Littafin na nan wurina. Duk jan biro ne.

Sannan aka haifi uwa bayan 'ya'yanta,
abin da ban taɓa gani ba ko a garke:
uwar kamfani.
Ba ta da guduma, ba ta da zugazugi,
sai hannun jari, da dogon tebur, da kujeru sha biyu.
Sallau kan zauna can ƙarshe, ana ta Turanci,
shi yana shafa katakon
yana neman inda kafinta ya haɗa shi.

Roba ta shigo gari, arha kamar ƙasa.
Wata bakwai da rasuwar tsoho
daraktoci suka zauna bayan la'asar.
Hannu takwas suka tashi.
Hajiya Gaji, autarsa, ta ce,
Tanimu, rubuta ban yarda ba.
Na rubuta, har na ja layi.
Masu saye suka kwance injuna suka yi kudu da su,
rumfar yanzu taki ake jibgewa.
Takarda ta ce: an sake fasali.

Tambarinmu dā kwano ne, baki sama.
Wani yaro mai zane ya kifar da shi,
ya zama hular kwano irin ta injiniyoyi.
Kowa ya tafa.
Ban ce bai yi kyau ba, ya yi.
Famfunanmu na ba tumatir ruwa har bakin iyaka,
mutum ɗari uku na karɓar albashi,
har da jikan Ɗan'azumi, mai yatsu goma cif.

Ran biki an ba mu shinkafa cikin farar roba,
cokalin ya karye mini a kan nama.
Na sa takardar a aljihu, na hau acaɓa.

A gida Ladingo ta zubo tuwo
a kwanon nan da fentinsa ya ɓantare wuri uku.
Da na gama na wanke shi da kaina,
na juya gindinsa wajen fitila.
Harafin ya kusa shafewa.
Sai da na sa babban yatsa na ji shi.